Sabon Injin Meshak Ba Ya Jira

Na karanta duk abin da kuka rubuto min a ƙasan labarin nan. Masu cewa "Yemima, ki bi zuciyarki," na gode. Masu cewa mace baliga ba ta da aikin yi ne shi ya sa take zaman shagon gem, ku ma na gode, amma Anti Caroline, ƙanwar Babana, ta riga ku faɗa. Yau ba ni da ƙarfin faɗa da kowa. Idona a kumbure yake, shayin da Mama ta ajiye min ya huce tun ɗazu. Bari kawai in ba ku yadda aka yi, kuma zan ɗan koma baya saboda sababbin shigowa.

Ni ce Yemima, tela ce ni, shagonmu yana bakin kasuwar Kafanchan. Iyayena mutanen Kwoi ne, can gonar cittarmu take, amma a unguwar Takau, nan Kafanchan, aka haife ni. Wanda ya sa ni wannan kukan kuwa sunansa Meshak. Yana da shagon gem, wato wasan bidiyo, a hanyar tashar jirgin ƙasa: ɗaki ɗaya, benci biyu, labulen da ni na ɗinka masa, da janareta mai tari kamar tsohon mashayin taba. Injin gem biyu gare shi. Na gaba na samarin unguwa ne masu buga ƙwallo suna zagin juna. Na lungu, wani baƙi mai tsagaggen murfi, shi ne namu.

Meshak yana da i'ina. Ba 'yar kaɗan ba. In ka kafa masa ido, kalma sai ta tsaya masa a maƙogwaro, jijiyar wuyansa ta miƙe, ya yi ta bugun cinyarsa da hannu. Mutane kuma ba su da haƙuri, sai su ƙarasa masa maganar, yawanci ma ba abin da yake nufi ba. Shi ya sa ya zaɓi yin shiru, har wasu suke zaton girman kai ne.

Ruwan sama ne ya shigar da ni shagonsa ranar farko, ina rungume da ɗinkin mutane. Bai ce min komai ba, ya miƙo min pad, abin riƙewar nan mai maɓallai, ya kunna wani tsohon gem na tseren motoci da mutum biyu suke yi. A gem ɗin, in an gama hanya ɗaya za a shiga wata, sai talabijin ta yi baƙi ƙirin, wani ɗan zobe ya yi ta juyawa a kusurwa, fankar cikin injin ta ɗauki ruri kamar injin markaɗe. Wannan jiran shi suke kira lodin. Injin ne yake kwaso sabuwar hanya daga faifai, kuma tsohon nan ba ya hanzari ko kaɗan.

Muna cikin wannan duhun, mu biyu muna kallon zobe, sai na ji murya a gefena, a tsanake, ba gargada:

"Ruwan nan ba zai ɗauke yanzu ba. Ki ɗora kayan a kan kwali kada su jiƙe."

Na juya na kalle shi don mamaki. Nan take maganar ta maƙale. Na mayar da idona kan talabijin, sai ya ci gaba kamar ba shi ba.

Jama'a, tun daga ranar na gane sirrin. In ba a kallonsa, in rurin fanka ya rufe muryarsa daga kunnen samarin can, in kuma ba wanda yake jiransa don kowa inji yake jira, to Meshak yana magana fiye da fasto. A cikin lodin na san labarin rasuwar mamansa a Zonkwa. A cikin lodin ya gaya min yana son shiga ƙungiyar mawaƙan coci amma yana tsoron ranar da za a ce ya yi addu'ar buɗewa. A cikin lodin ya ce gashina ya fi kyau in ban sa ƙari ba, ni kuwa na yi wata guda ban je wurin mai kitso ba, har Mama ta tambaye ni ko ina zaman makoki ne.

Lodin da ya fi kowanne tsawo shi ne na kafin hanyar gada. Mun sa masa suna dogon hutu. Sai ka ɓare gyaɗa ka cinye, ka karkaɗe zani, zoben nan bai gama juyi ba. In an hau gadar kuma, motoci suna taruwa wuri ɗaya ga ruwan sama a cikin gem ɗin, sai aikin ya yi wa injin yawa, ya fara jan ƙafa, komai ya koma tafiya a hankali. Samari suna tsaki in sun ga haka. Ni kuwa a nan na ƙware. Cikin wannan saiɓin nake ganin kowace kafa, in zame in wuce. Bai taɓa cin ni a gada ba.

Shekaru muna haka, amma kalmar nan guda ɗaya bai taɓa faɗa ba. Ya taɓa somawa ta waya. Ya rubuto: "Yemi, akwai abin da na daɗe ina so in gaya miki." Na mayar masa da sauri: "Kada ka soma a nan. Da bakinka nake so in ji." Ya ce: "Ni ma haka na yi wa kaina alkawari." Har gobe ban ga laifina ba. Wace mace ce ba ta son ta ji da kunnenta?

Ana nan sai ga Abednego. Mutumin Kagarko ne, motocinsa ke kwasar citta zuwa Abuja, a wurin awon cittar Baba ya gan ni. Don Allah kada ku zage shi, ba mugu ba ne. Yana da fara'a, yana durƙusa wa iyayena, ba ya shan komai sai lemo. Sai dai shi komai nasa yanzu-yanzu ne. Rana ta farko ya karɓi lambata, rana ta biyu ya ce yana sona, kafin sati ya zagayo ya san lambar takalmin Mama. Kullum da safe saƙonsa ne ke tashe ni: "Morning my dear. Kin tashi lafiya? Kin ci wani abu? Kawuna yana gaishe ki." Ina amsawa da "Lafiya lau, na gode," shi kuma ya turo zuciyoyi jajaye har su cika min waya.

Ran Lahadi bayan sujada Baba ya kira ni falo. Baba Ezekiyel tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa ne, dattijo ne kuma a cocinmu. Yana da wata ɗabi'a: in yana sauraron mutum ba ya kallonsa, sai ya goya hannu a baya ya zuba ido can nesa, kamar har yanzu jirgin Jos yake jira. Mama tana gefe tana tsince acca a faifai. Anti Caroline, ƙanwar Baba, ta baje a doguwar kujera da zanen zumuntar matan coci, kwanon fate a cinyarta.

Baba ya ce, "Yemima, mutanen Kagarko sun aiko. Suna so su zo gaisuwa ran Asabar, kafin godiyar girbi. Ban ba su amsa ba. Akwai wani?"

Na sunkuyar da kai ina murza bakin siket ɗina.

Anti ta ce, "Akwai mana. Wannan mai shagon gem. Yaro wanda kafin ya ce good morning rana ya faɗi."

"Caroline," in ji Mama.

"Ƙarya na yi? Yemima, ke ba ƙaramin yarinya ba ne fa. Mates naki duka sun yi aure. Mutum mai mota uku yana roƙo, ke kina can kina danna-danna. Abeg!"

Baba bai kula ta ba. Idonsa yana kan taga. "Yaron ya faɗa miki da bakinsa cewa aure yake nema?"

Ku da ba ku san gidanmu ba, ga dalilin wannan tambayar. Yayata Milka ta taɓa kiran sunan wani a gaban Baba, alhali shi bai ce mata komai ba, ita ce ta karanta a idonsa. Baba ya sallami masu nema na gaske, ya gaya wa fasto, aka yi ta jiran dattawan da ba su taɓa zuwa ba. Mutumin ya auri wata a Jos. Milka ta yi shekara ba ta iya ɗaga kai a coci. Tun daga nan Baba ya kafa doka: ba a kawo masa sunan namijin da bai buɗe baki ba.

Ban iya yi wa Baba ƙarya ba. Na ce, "Bai faɗa ba tukuna, Baba."

"To. Zan ba mutanen Kagarko amsa ran Laraba da yamma. In ya faɗa kafin nan, ki gaya min, zan saurare shi."

Na shiga ɗaki na rubuta wa Meshak komai, ban rage ba. Ya daɗe yana rubutu yana gogewa, ina kallon alamar tana fitowa tana ɓacewa. Can sai ga amsa: "Ki zo ran Laraba da rana. Akwai abin da zan nuna miki. Akwai kuma abin da zan faɗa. A dogon hutu."

Wayyo, masu karatu, da kun ga yadda na yi rawa ni kaɗai a tsakar ɗaki.

Ran Laraba ban taɓa keken ɗinki ba. Na fito da atamfata mai ruwan zuma da ganye-ganye kore, wadda na ɗinka wa kaina doguwar riga mai tattara a ƙugu na ɓoye don Kirsimeti. Na kwance kitso, na taje gashina na ɗaure shi baya, ba ƙari ko sili ɗaya. Ɗan kunne ƙarami, hoda kaɗan, turaren Milka da na sata fesa biyu. Na tsaya wurin mai gyaɗa na sayi ƙulli, don dogon hutu ba ya daɗi ba gyaɗa. Mai mashin ɗin da ya ɗauke ni har cewa ya yi, "Anti, biki ne?" Na ce masa kusan haka.

Tun daga nesa na ga abin da ban saba gani ba. Ƙofar shagon cike da samari, har da masu leƙe ta taga. Na kutsa na shiga. Meshak yana tsaye cikin farar riga mai guga, ya yi aski, fuskarsa sai sheƙi take. A lungunmu kuwa, inda baƙin tsohon nan yake zama, wani sabon inji ne fari tas, dogo, da 'yar fitila shuɗiya a jikinsa.

"Sa-sa-sabo ne," ya ce, yana shafa shi. In maganar inji ce, i'inar takan ɗan sassauta masa. "Yana cin tso-tsofaffin gem duka. Har namu. Kuma ya fi kyau a ciki. Ba ya ja-jan ƙafa. In Baba ya ji, zai san sha-shagon yana ci gaba."

Sai na gane. Don ni ya yi. Yana so in an tambaya a ce yaron yana da abin yi, ba wasa yake ba. Zuciyata ta yi sanyi, na zauna a bencinmu, na kwance ƙullin gyaɗa a tsakaninmu. Ya kori samarin zuwa injin gaba, amma ina! Ba wanda ya tafi. Duk suka tsaya a bayanmu suna son ganin yadda sabon zai yi da tsohon gem.

Ya saka faifan. Gaskiya abin ya yi kyau, ba zan ɓoye ba. Motata ja da na sani dishi-dishi, yau har lambar bayanta nake karantawa. Bishiyoyin gefen hanya da suke tsalle-tsalle da, yanzu sai wucewa suke sumul. Samari suna ta "Kai! See as e clear!" Muka gama hanyar farko. Talabijin ta yi baƙi. Na ajiye pad a cinya, na kai hannu ga gyaɗa, na kafa ido a kusurwar da zobe yake fitowa.

"Ye..." in ji Meshak.

Kafin ya kai ga sauran sunana, hanya ta biyu ta buɗe, motoci sun tashi. Ko ɓawon gyaɗar ban fasa ba.

Wani a baya ya yi ihu, "Ba lodin! Wallahi ba lodin! Oga Meshak, wannan inji mayya ne!"

Meshak ya yi 'yar dariya, amma na ga yadda yatsunsa suka ƙanƙame pad. Ni ma na ce a raina ba komai, wannan ƙaramin lodin ne, dogon hutu yana gaba. Muka yi hanya ta biyu, muka yi ta uku. Kowane karo baƙin ya zo ya wuce kamar ƙiftawar ido. Wani abin kuma da ban lura da shi ba sai daga baya: shiru. Sabon injin ba ya ruri. Babu fankar da za ta rufe mu. Ina jin numfashin samarin da ke bayana, ina jin wani yana taunar cingam. Duk abin da Meshak zai faɗa, shagon nan kaf zai ji.

Muka iso ƙarshen hanyar da ke kafin gada. Na gyara zama. Na ce, Yesu, ka sa wannan ya daɗe, ko rabin yadda yake da ne. Talabijin ta yi baƙi. Zoben ya fito, ya yi juyi ɗaya.

"Yemima, ina s-s-s..."

Gada ta bayyana.

Ban san lokacin da na danna mai ba. Motoci suka taru, ruwan sama ya sauko, na jira injin ya ja ƙafa yadda ya saba in nemi kafata. Bai ja ba. Komai ya zo min da gudu lokaci ɗaya, na daki wata mota, na daki ƙarfen gada, jar motata ta wuntsila cikin kogi. Samari suka kwashe da dariya. Meshak ya wuce ni. Karo na farko ke nan da ya ci ni a gada, kuma da na saci kallonsa, fuskarsa kamar wanda aka aiko wa da rasuwa.

Raina ya ɓaci, tsoro kuma ya kama ni, don na san Baba yana can yana duba agogo. Na danna maɓallin tsayarwa. Komai ya tsaya cak. Na juya gaba ɗaya na fuskance shi, abin da na san bai kamata in yi ba, amma me ya rage min?

"Ga shi na tsayar. Ba mai kora. Meshak, faɗa min."

Tsayarwa daban, lodin daban. A lodin kowa inji yake jira. Yanzu kuwa shi ake jira, ni da idona, da samari wajen goma a bayansa. Ya buɗe baki. Jijiyar wuyansa ta miƙe. Hannunsa ya fara bugun cinya.

"I-i-i... ina... i-i..."

Wani mara kunya a baya ya ce, "Oga na lodin!" Shagon ya ɗauki dariya har da masu buga benci.

Na miƙe na ce, "Uban wa ya faɗi wannan?" Suka yi tsit. Amma an riga an gama. Meshak ya sunkuyar da kai, zufa tana ɗiga daga haɓarsa kan farar rigar nan. Na rage murya.

"Ina tsohon? Ɗauko shi mu haɗa. Ka kore su, mu kunna namu."

Bai ɗago ba. "Na ba-ba-bayar. Da shi na yi mu-musanya. Wani mutumin Zo-Zonkwa."

"Ka bayar."

Ya gyaɗa kai.

"Meshak, yau Laraba. Ka san abin da ke jirana a gida. Ko kalma ɗaya ce, ni zan ƙarasa sauran a raina."

Ya ɗago ya kalle ni, idonsa jawur. Ya yi ƙoƙari, Allah ya sani ya yi. Leɓensa yana rawa, har na ji tausayinsa ya fi ƙarfin haushina. Can abin da ya samu ya fito, ya nuna talabijin da hannu:

"Ho-hoton ya yi kyau, ko?"

Na ce, "Ya yi kyau sosai." Na ajiye pad a kan gyaɗar, na fita. Ban hau mashin ba. Da ƙafa na taka har Takau cikin rigar Kirsimeti, ina kuka a titi kamar yarinyar da aka aika ta zubar da manja.

Baba yana tsakar gida a ƙarƙashin mangwaro. Bai kalle ni ba. "Ya faɗa?"

"Bai faɗa ba, Baba."

Ya gyaɗa kai. Sannan ya ce, "Sannu, 'yata," ya ciro wayarsa daga aljihu ya kira Kagarko.

Alhamis da Juma'a ban ji daga Meshak ba, ko gaisuwa. Na buɗe shafinsa ya fi a ƙirga, ba komai. Na ce shi ke nan, kunya ta sa ya haƙura da ni. Abednego kuwa saƙo kan saƙo: "My dear wane kala kike so?" "Mamana ta ce tana ƙaunarki tun ba ta gan ki ba." Gidanmu ya koma kamar ana shirin Ista. An wanke labule, an aro kujerun roba daga coci, Milka ta zo da yaranta tana ta soya nama. Ita kaɗai ta lura ba na cin abinci. Ta same ni a kicin ta ce, "Yemi, wanda ya yi magana shi ne ya zo. Ni na jira wanda bai yi ba, kin ga yadda na ƙare." Na ce mata na ji.

Ran Asabar tun da safe Anti Caroline ta ƙwace wayata ta tura ƙarƙashin filo. "Yau ba ranan danna waya ba ne. Oya, wanka." Suka saka ni cikin leshi ruwan hoda, Anti ta ɗaura min gwaggwaro har yana taɓa ƙofa, aka shafa min jan baki da ban taɓa sa irinsa ba. Na kalli madubi ban ga mai zuwa shagon gem ba.

Mutanen Kagarko suka iso da mota biyu. Ina jin su daga ɗaki: gaisuwa, addu'ar fasto, dariyar kawun Abednego. Sun kawo goro, da katan-katan na lemo, da buhun gishiri, da zannuwa. Can Milka ta leƙo ta ce ana kirana.

Na durƙusa a tsakiyar falo. Abednego yana cikin shadda fara, yana min murmushi da dukan haƙoransa, shi dai farin ciki yake tsakaninsa da Allah. Baba ya yi gyaran murya.

"Yemima, kin san mutanen nan?"

"Na san su, Baba."

"Sun kawo kaya saboda ke. Mu karɓa, ko mu mayar musu?"

A wurinmu wannan tambayar ba wasa ba ce. In yarinya ta ce a karɓa a gaban dattawa da fasto, magana ta zauna, ba ta ita kaɗai ba ce kuma, ta zama ta gida biyu. Na saurara ko zan ji ƙarar mashin a waje. Ban ji komai ba sai kukan akuyar maƙwabta.

"A karɓa, Baba."

Anti Caroline ta rangaɗa guɗa. Mamar Abednego ta taso ta rungume ni, ta yafa min sabon zani a kafaɗa, tana cewa "'Yata, 'yata." Fasto ya sa albarka. Na roƙi izini na koma ɗaki, na rufe ƙofa, na zauna a bakin katifa. Hannuna ne kawai ya tafi ƙarƙashin filo don sabo.

Saƙo ɗaya daga Meshak. Bidiyo. Tun da safe ya turo shi, lokacin ana ɗaura min gwaggwaro.

Na danna. Ba fuskarsa a ciki. Wata ƙaramar talabijin ce a kan tebur, gefenta madubi da almakashi, shagon aski ne na wani ƙauye. A ƙasa ga baƙin injinmu da tsagaggen murfinsa. Talabijin ɗin baƙa ƙirin, ɗan zobe yana juyawa a kusurwa, fanka tana ruri. Sai muryarsa, a tsanake, ba gargada:

"Yemima, dogon hutu ne wannan. Na je Zonkwa, mutumin ya ce ya sayar wa wani mai aski, na bi shi har nan. Na ba shi sabon, ya ba ni namu. Ya ɗauka ni mahaukaci ne. Na yi zaton in na kawo abu mai sauri zan zama mutum a idon Baba, ban san ina sayar da bakina ba ne. Yemi, ina sonki. Tun ranar ruwan nan nake sonki. Ba ni da mota, kuma in aka ce in yi addu'a a gaban danginki zan ba ki kunya. Amma ba ranar da za ki yi magana in ƙarasa miki ita, zan jira ki gama, yadda kike jirana. Ina so in aure ki. Na faɗa da bakina. Ina zuwa in faɗa wa Baba, ko zai kai ni dare."

Zoben ya tsaya. Gada ta fito, ruwa yana sauka. Sauran motoci suka tashi suka tafi. Tasa shuɗiya ba ta motsa ba, tana tsaye a layi kusa da tawa ja, har bidiyon ya ƙare.

Na cusa bakin sabon zanin a bakina don kada a ji ni a falo. Shekaru nake jiran kalmomin nan, ga su sun zo duka, a jere, ba wadda ta ɓace, kuma tun safe suna kwance a ƙarƙashin filona. Na yi kuka har jan bakin ya ɓata leshin.

Ban ji buɗe ƙofa ba sai ganin Mama na yi a kaina. Ta kalli wayar, ta kalle ni. Muryarta ƙasa-ƙasa.

"Yemi, akwai wani yaro a bakin get. Duk jikinsa jar ƙasa, ya rungume wani baƙin abu a ƙirji. Babanki ya fita ya tambaye shi abin da ya kawo shi."

"Me ya ce?"

"Bai ce ba tukuna. Yana ta fama. Samarin Kagarko sun fara dariya, Babanki ya ɗaga musu hannu ya ce a bar shi ya gama."

Na tashi na je taga, zanin yana nan a kafaɗata. Ga Meshak, farar rigar ran Laraba ta koma ja, wayoyin injin suna reto a gefensa. Ga Baba a tsaye kusa da shi, ya goya hannu a baya, ya kau da kai, ya zuba ido can ƙarshen layi inda ba kowa.

Sai na ji sunana ya fito daga bakin Meshak, cikakke, bai yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba. A falo kuwa an riga an fasa goron, Anti Caroline tana bi kujera-kujera tana rabawa.